Alamomin fuska, daɓen tauna da gwajin /f/: abin lura daga yankin Gaya

1. Gabatarwa

Mai karatu zai iya mamakin ganin zancen haƙoran roba a cikin takardun sashen kimiyyar harshe. Dalilin kuwa shi ne, daga cikin dabarun da likitan haƙori ke bi don ya daidaita haƙoran roba a bakin wanda ya rasa nasa, akwai guda wadda ta dogara kacokan a kan furuci, kuma sautin da ta dogara a kansa ba ya cikin sautukan Hausa. Littattafan da ake koyon wannan sana'a da su, a Dakar ne ko Abijan ko Kano, da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su. Sun kuma ɗauki abu guda tamkar ba ya bukatar hujja, wato kowane mutum da leɓen ƙasa da haƙoran sama yake furta /f/. Za mu nuna cewa wannan zato bai hau kan Bahaushe ba, musamman na yamma, kuma kuskuren da zai iya haifarwa ba ya tsayawa ga haƙoran gaba kaɗai.

Mun ɗauki Gaya abin misali ne saboda mazauninta. Garin yana cikin jihar Doso, a bakin kogin Kwara, yana kallon Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetare, sannan Kamba ta jihar Kabi a Nijeriya ba ta da nisa da shi. A kasuwa guda ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci, kuma mutum ɗaya kan iya biyu ko uku daga cikinsu. Ke nan likitan da ke aiki a irin wannan wuri zai tarar da /f/ iri-iri a wuni ɗaya, ko da bai lura ba. Masu bukatar aikin nasa kuma ba kaɗan ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a duniya kimanin kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama sun rasa haƙoransu baki ɗaya.

2. Mene ne daɓen tauna?

In mutum ya rufe baki, haƙoran sama da na ƙasa kan haɗu ne a kan wani shafi da ido ba ya gani, wanda ya taso daga bakin haƙoran gaba ya bi ta kan turame har ƙurya. Shi ne Faransanci ke kira « plan d'occlusion ». Mun so mu ce masa « shimfiɗar cizo », sai dai cizo a Hausa aiki ne da ake yi wa wani abu, galibi da haƙoran gaba ko fiƙa, alhali abin da ake nufi a nan shi ne wurin da abinci ke hawa a niƙa shi. Don haka muka fi son « daɓen tauna ». Daɓe dai wuri ne da aka baje aka daidaita, kuma kowa ya san abin da ke faruwa ga turmin da aka girka bisa karkataccen daɓe. Shafin ba miƙaƙƙe ba ne sak, yana da ɗan lanƙwasa wajen turame kamar yadda Bajamushen nan von Spee ya bayyana a 1890, amma a matakin farko na aiki ana ɗaukarsa a miƙe.

Muddin da sauran haƙora a baki, su ne ke nuna inda daɓen yake. Matsalar tana tasowa ne in duk sun zube, domin ƙashin da ke riƙe da su ba ya zama yadda yake, zaizayewa yake yi a hankali. Binciken Antje Tallgren na 1972, wanda ya bi masu haƙoran roba har tsawon shekara 25, ya nuna cewa ƙashin gaba na muƙamuƙin ƙasa ya ragu da kimanin milimita 9 zuwa 10, wato wajen ninki huɗu na raguwar na sama. Saboda haka dasashi ba abin dogaro ba ne. Wanda ya jera haƙora yana bin dasashi, ya bi zaizaya ke nan.

In daɓen ya yi sama da yawa, harshe ba ya iya ɗora abinci a kansa, sai lomar ta riƙa gangarawa tsakanin kunci da dasashi. In ya yi ƙasa da yawa, harshe ya malala bisa haƙora a riƙa cizonsa. In kuwa ya karkata, duk taunar da aka yi sai ta tura haƙoran ƙasa gefe ko gaba. Ƙarshenta dattijon da ya kashe kuɗinsa ya cire su in zai ci tuwo, ya mai da su in zai fita sallar Juma'a.

3. Alamomin fuska da sunayensu

Tun da cikin baki ya canza, sai a koma ga abin da bai canza ba, wato fuska. Likita kan ɗauki siffar dasashi, ya yi faranti daidai da ita, ya ɗora masa tudun kaki a madadin haƙora, sannan ya riƙa aske kakin ko ƙara shi har sai ya dace da alamomi uku. Aikin ya yi kama da na magini mai ja da igiya da ma'aunin ruwa kafin ya aza tubali.

Alama ta farko ita ce leɓen sama, shi ke nuna tsawon kakin daga gaba. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce kakin ya leƙo da milimita 1 zuwa 2 a ƙarƙashin leɓe in baki yana sake. Amma Vig da Brundo sun nuna a 1978 cewa abin yana tafiya da shekaru: ƙasa da shekara 30 haƙoran sama kan leƙo da fiye da milimita 3, bayan shekara 60 kuwa kusan ba a ganinsu. Alama ta biyu ita ce layin da ya haɗa tsakiyar ƙwayoyin idanu biyu, wanda ke hana daɓen karkata dama ko hagu. Ta uku ita ce layin da ya tashi daga gindin gefen hanci ya nufi ƙofar kunne, shi ke ba da gangaren daɓen daga gaba zuwa baya. Ana gwada biyun ƙarshe da wani faffaɗan ma'auni mai suna farantin Fox: tsakiyarsa na shiga baki ta dafe kakin, fikafikansa biyu na fitowa ta wajen kumatu, ta yadda ido zai iya kwatanta su da layukan fuska.

Layi na uku yana ɗauke da sunan Petrus Camper (1722-1789), masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Holan, kuma tarihinsa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Camper ba likitan haƙori yake yi wa aiki ba, masu zane yake koya wa yadda za su fitar da kamannin fuska. Ya ja layi daga ƙofar kunne zuwa gindin hanci, ya ja wani daga goshi zuwa haƙoran gaba, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu. A littafinsa da aka buga a 1791, bayan rasuwarsa, ya ba gumakan Girkawa digiri 100, Bature 80, baƙar fata 70, birin orangutan 58. Shi kansa yana ganin asalin ƴan Adam ɗaya ne, amma waɗanda suka biyo bayansa a ƙarni na 19 sun mai da kusurwar tasa tsanin fifita launi. Kimiyya ta yi watsi da kusurwar tuni, layin kwance kaɗai ya saura, yana aiki a ɗakin likita. Akwai kuma wani layin da ake kira na Farankfot, daga saman ƙofar kunne zuwa ƙasan kwarmin ido, wanda masanan Jamus suka daidaita a kansa a farkon shekarun 1880 don auna ƙoƙon kai. Da Downs ya auna kusurwar da ke tsakanin wannan layi da daɓen tauna a 1948, ya sami matsakaicin digiri 9,3. Abin lura shi ne, matasa 20 kawai ya auna, dukansu fararen fata na Amurka masu lafiyayyun haƙora, kuma duk da haka sakamakon ya kama daga digiri 1,5 har zuwa 14. A ganinmu wannan ya isa ya nuna cewa alamomin fuska mafari ne na kirdado, hukunci kuwa sai an gwada a baki.

Ga sunayen da muke ba da shawarar a yi amfani da su:

(1) a. layin idanu, « ligne bipupillaire »
b. layin hanci da kunne, « plan de Camper »
c. gindin gefen hanci, « bord inférieur de l'aile du nez »
d. marfin kunne, « tragus »
e. matashin bayan turmi, « tubercule rétromolaire »

A (1c) mun guje wa « fiffiken hanci », domin aron fassara ne da ba ya kawo wa Bahaushe hoton kome. (1d) kuwa shi ne ɗan guringuntsin nan da ke gaban ƙofar kunne, wanda mutum kan danna da yatsa in ƙara ta dame shi, shi ya sa muka ce masa marfi. A nan ne suna ke da nauyi ƙwarai. Su kansu likitoci ba su daidaita ba a kan ko daga saman marfin za a ja layin, ko tsakiyarsa, ko ƙasansa. In muka ƙaddara tsawon layin santimita 8 ne, tsayin marfin kuma santimita 1, to tsakanin mai ja daga sama da mai ja daga ƙasa akwai kusan digiri 7. Malamin da ya ce wa ɗalibinsa « ja layi zuwa kunne » bai gaya masa kome ba tukuna. (1e) wani ɗan tudun nama ne a ƙuryar dasashin ƙasa wanda zaizaya ba ta cika taɓawa ba, kuma an saba tsai da ƙarshen daɓen a wajen kashi biyu cikin uku na tsayinsa.

Abu biyu na yankinmu suna bukatar a ambace su. Na ɗaya, zanen gado irin na Arawa, wanda ke tashi daga gefen baki ya nufi kunne, yana bin kusan hanyar da layin Camper ke bi, kuma ido na iya karkata gare shi. Wanzami ne ya ja shi a fuskar jariri, ba shi da alaƙa da ƙashi. Na biyu, cutar nan mai cin leɓe da kumatun yara, wadda likitoci ke kira noma (kalmar Girkanci ce, ba ruwanta da noman gona), takan tafi da gefen hanci da leɓen sama gaba ɗaya. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. Ga waɗanda suka tsira daga gare ta, alamomin cikin baki irin (1e) da gefen harshe su ne madogara.

4. Gwajin /f/

Daga cikin alamomi ukun nan, ta farko ce uwa, domin layin idanu da layin hanci da kunne alkibla kawai suke bayarwa. Ba su faɗin inda daɓen zai tsaya, sama ko ƙasa. Bakin haƙoran gaba ne turken, daga gare shi ake ja da sauran. Tun da leɓen tsoho ya saki, kuma tsawon leɓe ya bambanta daga mutum zuwa mutum, sai likitoci suka nemi shaida ta biyu a furuci. Akan sa majinyaci ya faɗi kalmomi masu /f/ da /v/, alal misali sunan lamba 55 a Ingilishi, ko kalmomi irin « fève » da « veuve » a Faransanci. In tsawon ya yi daidai, bakin kakin zai taɓa leɓen ƙasa a kan iyakar da ke tsakanin busasshen ɓangarensa da jiƙaƙƙen. Littattafan sun ƙara da cewa in haƙoran sun yi tsawo /f/ kan yi kama da /v/, in sun gajarta /v/ kan yi kama da /f/.

Wannan duka yana bukatar harshe mai sautuka biyu ƴan leɓe da haƙori, ɗaya mai ziza ɗaya maras ziza. Hausa ba ta da ko ɗaya a tsarinta. Babu /v/ sam, shi ya sa kalmomin aro ke musanya shi da /b/ ko /w/, kamar a talabijin, direba, Nuwamba, ko abiyo da mutanen Nijar suka samo daga « avion ». Abin da muke rubutawa da harafin f kuwa, a Hausar Kano baleɓe ne, zuzau, [ɸ], kamar yadda Mu'azu Sani Zariya da Paul Newman suka bayyana: leɓɓa biyu ne ke kusantar juna iska ta kurɗa, wani lokaci ma su haɗe har ya fito [p]. A Hausar yamma, wadda ta haɗa Sakkwato da Kabi da Arewa da Adar, kuma ita ake ji a Gaya, abin ya fi haka nisa:

(2) fari / hwari, faɗa / hwaɗa, fata / hwata
fita / hita, tafi / tahi, fili / hili
fura / hura, fuska / huska

Wato [hw] kafin wasalin /a/, [h] kafin sauran. Wajen furta [hw] leɓɓa kan kewaye su turo gaba, suna nisantar haƙora. Wajen [h] kuwa leɓe ba shi da aiki ko kaɗan. Ƙa'idar rubutu, wadda ta tsai da f a Nijeriya da Nijar duka, tana ɓoye wannan ga wanda ya san Hausa ta takarda.

To, me zai faru a ɗakin likita? Ya ce wa dattijo, « Baba, ce fari », ya zuba ido ga leɓen ƙasa. Dattijo ya ce hwari, leɓe bai taɓa kaki ba. Bisa ga abin da aka koya masa, ma'anar wannan ita ce kakin ya gajarta, sai ya ƙara. Kome ya ƙara leɓen ba zai zo ba, domin ba can ya nufa ba. In ya ƙara milimita 2 a gaba, sannan ya daidaita sauran da layin hanci da kunne, daɓen duka ya sauka da milimita 2 har ƙurya, alhali ɗan sararin da ake bari tsakanin haƙoran sama da na ƙasa in baki yana hutawa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Wata hanyar kuma, likita ya nuna masa da nasa bakin yadda ake yi, dattijo ya kwaikwaya, ya cije leɓe da gangan. Wannan ma bai auna kome ba, domin amfanin gwajin shi ne motsin da baki ya saba yi ba tare da tunani ba. Wanda aka ce ya kai leɓe ga kaki zai kai shi, kakin ya yi tsawo ko ya gajarta.

Dangantakar /f/ da tsarin haƙora ta ja hankalin masana harshe ta wata fuskar. Charles Hockett ya kawo ra'ayi a 1985 cewa sautukan leɓe da haƙori sun yaɗu ne tare da noma da abinci mai laushi, wanda ya bar haƙoran sama suna ɗan rufe na ƙasa maimakon su goge su haɗu baki da baki. A 2019 Blasi da abokan aikinsa sun ƙarfafa ra'ayin a mujallar Science, inda suka lissafa cewa irin wannan cizo yana rage wahalar furta su da kimanin kashi 30 cikin 100. Hausa, harshen manoman gero da dawa tun fil azal, tana tuna mana cewa sauƙin furta sauti bai wajabta wa harshe ya ɗauke shi ba.

5. Abin da za a iya yi a Gaya

Yawan harsunan Gaya, wanda ya sa matsalar ta fito fili, shi ne kuma ke ba da rabin maganinta. /f/ na Zabarmanci ɗan leɓe da haƙori ne, kuma yana cikin kalmomin yau da kullum: fofo (gaisuwa da godiya), afo (ɗaya), fu (gida), fondo (hanya), fari (gona). Wanda ya tashi da Zabarmanci ana iya yi masa gwajin da waɗannan, amma da ido kawai, tun da babu /v/ na asali da za a kwatanta da kunne. Sai dai a yi hattara. Bahaushen da ya koyi Zabarmanci a kasuwa da girmansa yakan shigo da nasa /f/ cikinsa, don haka tambayar « wane harshe kake ji? » ba ta wadatar ba. Gara likita ya duba bakin mutum kafin ya sa masa kome, ya tambaye shi launin madara, ko abin da ake damawa da nono. In ya ji hwari da hura, ya san gwajin littafi ba na wannan mutum ba ne.

Hanya ta biyu ta Larabci ce. Tun ƙarni na 8 Sibawaihi ya bayyana mafitar harafin fa'un da cewa cikin leɓen ƙasa ne tare da bakin haƙoran gaba na sama, kuma haka malaman tajwidi ke koyar da ita har yau. Da wuya a sami bayanin da ya fi wannan dacewa da abin da likitan haƙori ke nema. Wanda ya ƙware a tajwidi yana da wannan motsi a bakinsa, ko da a hirarsa hwari yake cewa. Amma wanda ya tsaya ga karatun allo na gargajiya, sau da yawa da /f/ ɗin garinsu yake karanta harafin, saboda haka a nan ma sai an duba.

Ga sauran jama'a, wato mafi yawan Hausawan yankin, shawararmu ita ce a ajiye gwajin /f/ gaba ɗaya a ƙarfafa waɗanda Hausa ke iya ɗauka. /m/ na Hausa baleɓe ne kamar na kowa: a sa mutum ya maimaita mama ko Mamman, ya saki baki, a duba yadda kakin ya leƙo a ƙarƙashin leɓe, a kuma yi la'akari da shekarunsa. Sannan akwai gwajin /s/, wanda Silverman ya bayyana a farkon shekarun 1950: wajen furta shi ne haƙoran sama da na ƙasa ke kusantar juna fiye da kowane sauti, har ya rage kimanin milimita 1 zuwa 2, ba tare da sun taɓa ba. In an ji kaki na bugun kaki, an cika tsawo. Gaskiya ne wannan gwaji jimillar tsawon sama da ƙasa yake aunawa, ba ya ware na sama shi kaɗai kamar gwajin /f/, don haka dole a haɗa shi da matashin bayan turmi da kusurwar baki, waɗanda ke tsai da na ƙasa. Amma Hausa ta wadata da kayansa, ga /s/, ga /sh/, ga /z/, ga /ts/, kuma su ne sautukan da Bahaushe mai giɓi ke rasawa, ba /f/ ba. Kalmomi masu wasalin /i/ sun fi dacewa domin baki ba ya buɗewa sosai, irin su siminti, tsintsiya, sisi. Mafi sauƙi shi ne a ce wa mutum ya ƙirga da ƙarfi daga sittin zuwa saba'in, domin hankalinsa zai tafi ga lissafin ya manta da abin da ke bakinsa.